Yekini ɗan Kaduna ne, jama'a

Jiya a ofis musu ya kaure kan ko Osimhen ya kamo ƙafar marigayi Rashidi Yekini, mai ƙwallaye 37 a Super Eagles. Wani matashi ya ce ai Yekini ɗan Ibadan ne. Na ce kai yaro, a Kaduna aka haife shi a 1963, kuma a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara taka leda kafin Shooting Stars ta ɗauke shi.

Ina aji ɗaya a sakandare aka yi wasanmu da Bulgeriya a Amurka, Yunin 1994. Tsakar dare ne, mun cika falon maƙwabcinmu maƙil. Finidi ya miƙo, Yekini ya tura, ya bi ta cikin raga ya riƙe zaren yana kuka. Ƙwallonmu ta farko ke nan a gasar kofin duniya, aka tashi 3-0.

Abin da ke ci min rai, a lokacin kamfanoni ke riƙe da ƙungiyoyi, yaron unguwa na da inda zai gwada sa'arsa. Yau ka bi ta Kakuri, yawancin masaƙun nan a garƙame suke.

Ya rasu a Ibadan a 2012, yana da shekara 48. Allah Ya jiƙansa.