Turaren Maza Mai Zaƙi da Yaji a Ƙasar Hausa: Tarihinsa da Ra'ayoyin Mutane a Kansa

Akwai wata magana da a kan ji a bakin waɗansu masu ilmin zamani, cewa turare mai zaƙi, mai ƙamshin kanumfari da kirfa da almiski, bai kamaci namiji ba, wai na mata ne, ko kuwa na Larabawa ne da muka ara jiya jiya. Manufar wannan takarda ita ce ta auna maganar nan da ma'aunin tarihi. Za mu duba kalmomin Hausa da kansu, sa'an nan mu duba abin da matafiya suka gani a kasuwanninmu, da abin da malamai suka hukunta, daga ƙarshe mu ga inda sabon ra'ayin ya samo tushe.

Shaidar harshe

Bahaushe ya kan ce kayan ƙamshi, yana nufin abin da a ke sa wa miya, yana kuma nufin abin da a ke haɗa turare da shi. Kanumfarin da uwargida ta daka cikin yaji shi ne mai haɗa turare ya ke jiƙawa cikin mai. Ita kuma kalmar turare 'yar'uwar turara ce, watau a kanga tufa ko jiki ga hayaƙi, abin da ke nuna cewa turaren wuta ya riga na shafawa zama a ƙasar nan.

In muka jera sunayen kayan turare, sai mu ga sun rabu gida biyu. Kashi na farko na ƙasa ne, masu sunan Hausa tsantsa: kajiji da jema, waɗanda a ke tonon saiwarsu a fadama, da ƙaron hano da na dashi. Kashi na biyu kuwa sunayensu na Larabci ne da bakin Bahaushe ya tanƙwara: almiski, ambar, sandal, wardi, kanumfari, kirfa, jawul, jibda. Jawul daga lubban jawi ya fito, watau ƙaron ƙasar Jawa, sunan da Larabawa suka ba tsibiran Indunisiya, gama daga Sumatra a ke samo shi. Kalmomin nan sun daɗe har sun zama 'yan gida, kuma kalma ba ta zama 'yar gida a shekara goma ko ashirin.

Inda kayan suka fito

Almiski na ainihi daga wata irin 'yar barewa a ke samunsa, mai zama a duwatsun Himalaya da Tibet da Sin, kuma namijinta kaɗai ke da jakarsa. Ambar daga cikin wata ƙatuwar dabbar teku ya ke fita, ya yi ta yawo bisa ruwa har a tsince shi a gaɓa. Sandal itace ne na Hindu. Kanumfari asalinsa tsibiran Maluku, inda mutanen Holanda suka tsare cinikinsa ƙwarai, har wani Bafaranshe mai suna Pierre Poivre ya sa aka sato irinsa zuwa tsibirin Morishas a 1770. Daga wajen 1818 aka fara dasa shi a Zanzibar, Sayyid Sa'id kuwa ya ƙarfafa nomansa, har Zanzibar da Pemba suka zama su ke ba duniya mafi yawansa. Wannan ne ya sa kanumfari ya yi araha a ƙarni na 19, ya sauko daga hannun manya zuwa hannun kowa.

Hanyar haɗa su ma tsohuwa ce. Al-Kindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, ya bar littafi mai ɗauke da hanyoyin haɗa turare fiye da 100. Turaren da ya fi kowane daraja a fadar halifofi shi ne galiya, wanda a ke haɗawa da almiski da ambar a cikin man ban, ɗan'uwan zogalen nan namu. Galiya baƙi ne, mai nauyi, mai zaƙi, kuma manyan maza su ne masu shafa shi a gemu.

Abin da matafiya suka gani

Kyaftin Hugh Clapperton, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdullahi, ya iso Kano a watan Janairu na 1824, ya wuce Sakkwato a watan Maris ya sadu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A bayaninsa na cinikin Sakkwato ya ambaci man wardi da kayan yaji cikin abubuwan da Larabawan Tarabulus da Gadamas ke kawowa. Abin lura kuwa, da ya zo kan abin da Sakkwato ke fitarwa, jibda ya sa a gaba tare da riguna. Ashe ƙasar Hausa tana saye tana kuma sayarwa. Jibda, ko juda, daga tunkun juda a ke samunta. A kan tsare dabbar cikin keji, bayan 'yan kwanaki a kankare wani maiƙo daga jakar da ke ƙarƙashin wutsiyarta da ɗan cokali. Ɗanyarta wari gare ta, amma in an tsarma kaɗan cikin mai sai ta koma ƙamshi mai ɗumi, ta kuma riƙe sauran ƙamshin kada ya tashi da wuri.

Bayan shekara 27, watau 1851, Dokta Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zauna Kano, ya yi ƙiyasin kayan da ke shigowa kasuwarta a shekara. Ya ƙiyasta jawul da sumbul da kanumfari da makamantansu a kan wuri miliyan 15. Man wardi kuwa ya ware shi dabam, ya sa shi wajen wuri miliyan 40. A lokacin nan wuri 2,500 ke daidai da riyal guda na azurfa, saboda haka kuɗin man wardi kaɗai ya kai kimanin riyal 16,000. Barth ya ƙara da cewa kaɗan ne daga cikinsa ke shiga kasuwa, yawancinsa a gida a ke sayar wa sarakuna da manyan gari, ko a kai musu gaisuwa da shi. Sumbul ɗin da ya ambata saiwar wani ɗan tsiro ce mai fitowa a duwatsun ƙasar Ostiriya. Watau dai manomin tudun Turai yana tono, raƙumi yana ƙetare hamada, Bakano yana turarawa.

Daga wannan sai mu fahimci abu biyu. Na ɗaya, turare mafi tsada da ke shigowa Kano a zamanin nan na fure ne, mai zaƙi. Na biyu, hannun da ya ke faɗawa hannun manyan maza ne.

Ra'ayin malamai

Malamai ba su yi gardama a kan halascin turare ga namiji ba. Shafa shi ranar Jumma'a da ranar Idi abin so ne, sai mai harama da aikin hajji ko umra aka hana. Abin da suka tsaya a kansa shi ne iyaka tsakanin na maza da na mata, kuma iyakar nan hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito ya shata ta: na namiji a ji shi da hanci ba tare da ya bar launi ba, na mace kuwa a ga launinsa ba tare da ƙamshin ya yi nisa ba. Saboda haka aka ƙi wa namiji haluƙu, turaren nan mai rawaya da a ke haɗawa da za'afaran, ko da ya ke Imamu Malik ya sauƙaƙa a kan tufar da aka rina da za'afaran. To, ga shi ma'aunin launi ne da ƙarfin ƙamshi. Zaƙi bai shiga lissafi ba ko kaɗan, almiski kuwa, wanda ya fi kome zaƙi, shi aka ɗaukaka bisa sauran turaruka.

Wata mas'alar ita ce tsarki, tun da almiski daga jikin dabba ya ke fita. Muhtasar na Halilu, littafin da alƙalan ƙasar nan suka dogara da shi, ya lissafa almiski da jakarsa cikin abubuwa masu tsarki, sai maganar ta mutu a nan.

A ƙasar Hausa kanta muna da shaida tun ƙarni na 15. Shaihu Muhammadu al-Magili na Tilimsan ya zo Kano wajen 1492, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya rubuta masa nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. A babin kyautata kama, ya sa gyaran ƙamshin jiki cikin abubuwan da ke ƙara wa sarki kwarjini, amma da sharaɗi: ya tsaya ga adon da ya halatta ga maza, kada ya kwaikwayi mata, kada kuma ya ɓarnatar da baitulmali. Sharaɗin nan na ƙarshe ya cancanci a dube shi tare da lissafin Barth. Sa'ad da man wardi ya zama abin gaisuwar manya, abin da malami zai ji tsoro a kansa shi ne almubazzaranci da sayen fuska.

Zuwan turaren kwalba

Cinikin hamada ya yi ta raguwa tun ƙarshen ƙarni na 19. Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Italiya ta afka wa Tarabulus a 1911, a shekarar nan kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Daga nan turare ya juya ya riƙa shigowa ta bakin teku. A can Turai kuwa masana harhaɗa magunguna sun riga sun koyi ƙera ƙamshi ba tare da fure ko dabba ba: William Perkin ya haɗa kumarin a 1868, Tiemann da Haarmann suka haɗa banilin a 1874, Albert Baur ya samo almiskin ƙira a 1888, Leopold Ruzicka kuma ya warware sirrin ƙamshin almiski da na jibda a 1926. Da ƙamshin ƙira ya yi araha, sai kasuwar jibda ta karye, har kiwon tunkun juda ya saura galibi a Habasha.

Turaren Turai ya zo da sabuwar gardama, gama yawancinsa cikin sifirit a ke narka shi, watau ruhun barasa. Waɗansu malamai suka ce najasa ne, ba a salla da shi. Waɗansu kuwa, irin su Rashid Rida mai mujallar al-Manar ta Masar, suka ce mai tsarki ne. Ana cikin wannan sai kamfanin W. J. Bush na London ya fito da Bint el Sudan a 1920, bayan wakilinsa Eric Burgess ya ji irin ƙamshin da fataken Sudan ke so. Da mai aka haɗa shi, babu sifirit, mai nauyi ne kuma mai zaƙi, ga shi cikin 'yar kwalbar da talaka ke iya saye. Ya bi hanyar alhazai da fatake ya cika ƙasar Barno da ƙasar Hausa, daga baya har aka riƙa ɗura shi a Kano. Nasararsa hujja ce babba, domin Bature ne ya bi hancin mutanen ƙasa.

Tushen sabon ra'ayi

To, daga ina maganar nan ta fito, cewa namiji sai ƙamshi mai sanyi marar nauyi? Daga Turai ta fito. A ƙarni na 16 da na 17 manyan mazan Turai su ma jibda da almiski da ambar su ke shafawa. Bayan Johann Maria Farina ya kafa sana'arsa a birnin Kolon a 1709, ruwan ƙamshi na lemo ya yi ta samun karɓuwa, har ya zama a ƙarni na 19 an ɗauki turare mai nauyi abin kunya ga mutumin kirki. Da wannan ɗabi'a Turawan mulki suka zo mana. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi, ba laifi. Amma fa su kansu ba su dawwama a kanta ba. A 1938 kamfanin Shulton na Amurka ya fitar da Old Spice na maza, mai ƙamshin kanumfari da kirfa da banila, alhali shekara guda kafin nan don mata aka fara yin irinsa. A 1965 Guerlain na Faransa ya fitar da Habit Rouge, na maza, mai zaƙin banila. A 2002 Yves Saint Laurent ya fitar da M7, wanda aka gina bisa ƙamshin itacen ud. Sun kewaya sun komo inda galiya ta tsaya tun shekara dubu.

Abin da ya rage gare mu

Bisa ga shaidun nan, turaren maza mai zaƙi da yaji tsohon ɗan gida ne a ƙasar Hausa. Malamai sun yarda da shi, sun iyakance shi ta wajen launi da tsarki da tsada. Mai ƙinsa yana da ikon hancinsa, amma ba shi da goyon bayan tarihi.

Sai dai akwai hasara da ke tafe, wadda ta shafi malaman makaranta musamman. Sunayen kwalabe suna korar sunayen kaya. Ɗalibin da ya haddace sunan turaren Faransa goma ya kan kasa bambanta jema da kajiji, ko ya faɗi abin da a ke nufi da jibda. Tsofaffin masu sayar da kayan ƙamshi a Kurmi ta Kano da kasuwannin Sakkwato, Katsina, Damagaram da Maiduguri suna riƙe da sunaye da ma'auni da hanyoyin haɗi waɗanda da baki a ke gadonsu. Ya kamata kowace kwalejin horon malamai ta tura ɗalibanta su zauna da su, su rubuta sunan kowane abu, da garin da a ke kawo shi, da yadda a ke haɗa shi, da wanda ke shafa shi, da lokacin da a ke shafawa, a tara a sashen Hausa don masu ƙamus da masu tarihi su samu abin aiki.