Daga Garkida Zuwa Yau: Ba Kowace Sagewar Hannu Ce Kuturta Ba



Dattawanmu a Mubi suna tuna lokacin da kalmar "Garkida" kaɗai kan tayar wa mutum hankali. Idan tafin ƙafarka ya daina jin ƙaya, ko ka ƙone a bakin murhu ba ka sani ba, nan take a ce kuturta ce, a soma janye jiki daga gare ka.

Wannan tsoro yana da tushe. A 1923 ne 'yan mishan Stover Kulp da Albert Helser suka sauka a Garkida, a 1929 kuma aka buɗe sansanin kula da kutare a can, wanda ya karɓi majinyata daga sassa da dama na Arewa maso Gabas. Kuturta jijiyoyin ji take ci, waɗanda ke kai saƙo daga fata zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa rauni ke ruɓewa mai shi bai ji zafi ba. Tun 1873 likita Hansen na ƙasar Norway ya gano ƙwayar cutar, yau kuma ana warkar da ita da haɗin magunguna, kyauta.

Amma a shekarun da Garkida ke cika, wani likitan ido a Suwidin, Henrik Sjögren, yana bin sawun wata cuta dabam. A 1933 ya wallafa bincikensa kan mata 19 masu bushewar ido, da yawansu da bushewar baki da ciwon gaɓoɓi. Daga baya aka fahimci cewa garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa wuraren da ke samar da hawaye da yawu. A wasu majinyatan takan taɓa har jijiyoyin hannu da ƙafa: sagewa, zugi kamar wuta, ko jin kamar ana tsira allura. Wani lokaci ma wannan ne ke riga bushewar bayyana. Kusan tara cikin goma na masu ita mata ne, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

A nan ne namu ke shiga tsaka mai wuya. Bushewar ido a ɗora wa hunturu, sagewa kuma a ɓoye don gudun tsangwama, ko a ce sammu ne. Kafin a je asibiti, jijiya ta riga ta lalace.

Idan mahaifiyarka ba ta iya haɗiye ƙosai sai da ruwa, idonta kamar an zuba yashi har cikin damina, ga ƙafa na sagewa, a kai ta asibiti, a faɗa wa likita alamomin duka a zama ɗaya. Akwai gwajin jini da na hawaye. Ciwon suga ma a duba shi. Idan ta kama, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Modibbo Adama da ke Yola.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Sakataren Ƙungiya