Kafin a Shafe Bangon da Siminti

Tun da sojojin Sudan suka sake karɓe Wad Madani a watan Janairun 2025, bayan garin ya yi fiye da shekara guda a hannun dakarun RSF, maganar da na fi ji daga masu sauraron shirina ita ce ta gyaran gida: nawa buhun siminti, ina za a samu magini. Mu ma namu gidan yana cikin sahu. Amma na roƙi 'yan'uwana mu dakatar da magini na mako biyu, domin ga Bahaushen Jazira, gida shi ne shaidarsa mafi tsufa ta zama ɗan ƙasa, kuma siminti idan ya hau bango, shaidar ta tafi.

Bari in faɗi dalili. Sakkwato ta faɗi hannun Turawan Ingila a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'a, suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Wasu kuma, irin kakanmu, ba hijira ta kawo su ba, maniyyata ne da suka taka ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na jirgin ruwa. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, noman audugar Jazira ya buɗe, hannun ɗibar auduga kuwa da yawansa namu ne. Kaɗan suka samu hawasha, wato gonar haya ta shirin. Da dama suka ƙare a kambo, matsugunan 'yan ƙwadago da ke gefen magudanan ruwa, inda mutum kan shekara hamsin ba shi da takardar ko taku ɗaya na ƙasar da yake kwana a kai.

Sai dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda shi ko iyayensa maza suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamban 1897. Ku lissafa da kanku: mutanen Burmi sun makara da shekara shida tun kafin su taso. An sassauta dokar daga baya, amma tambayar “yaushe kuka zo?” ba ta daina bin mu ba. A 1970 kuma gwamnatin Numairi ta mai da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar hukuma.

Na fara da takardu, kuma nan ne aikin ya fi gajarta. Akwatin ƙarfen mahaifinmu ya tsira saboda mun gudu da shi. A ciki akwai rasitan awa'id, harajin gida, da shahadat bahas guda ɗaya, takardar da ke nuna sunan mai fili. Duk sun girme ni, amma babu wadda ta kai zamanin kaka. Takarda ta san ranar da hukuma ta lura da mu ne kawai.

Daga nan na ɗauki rakodata na zauna gaban Gwaggo, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa. Wanda ya saba hira da tsofaffi ya san ba a tambayar su shekara. Sai na ce, “Gwaggo, da aka gina ɗakin gabas, wa ake goyo?” Ta ce, “Ubanka, ɗan nan, ni ce ma mai goyon.” Da ruwan 1988 ta auna faɗuwar katangar kudu. Da haka, ɗaki bayan ɗaki, gidan ya samu jerin shekarunsa.

Bangon da kansa ya fi kowa bayani. Inda yaɓe ya zube, ana ganin jalus a ƙasa, ginin laka da ake ɗorawa sahu-sahu, kowane sahu sai ya bushe a ɗora wani, an shafe shi da zibala mai kashin dabbobi don ruwan damina. Samansa jan bulo ne na gaɓar kogi. Gwaggo ta ce kaka har ya rasu bai yarda an sa bulo ko ɗaya ba, cewa yake matafiyi ba ya gina abin da zai riƙe masa ƙafa, Makka ya nufa. Masanin nan Bawa Yamba ya tarar da irin wannan tunani a tsakanin Hausawan yankin, ya rubuta shi a littafinsa na 1995. Ke nan layin da laka ta haɗu da bulo a bangonmu shi ne lokacin da gidanmu ya amince cewa ya zauna. A ganina babu hatimin ofis da ya kai wannan layi daraja, ko da yake na san alƙali ba zai karɓe shi ba.

Akwai kuma ɗakin shiga. Tsofaffi zaure suke ce masa, yaranmu kuwa daiwan, kamar maƙwabtanmu Larabawa. Ƙofarsa ta ciki ba ta kallon ta waje, don kada baƙo ya hango tsakar gida, kamar dai yadda ake yi a Kano da Katsina. Maginin ya so ya miƙe ƙofofin, ya ce zai fi sauƙin shigar da babur.

Mun daidaita a kan haka: za a sauya rufi duka, a ɗaga katangar kudu da bulo, amma zaure zai zauna da ƙofofinsa yadda suke, a sake masa zibala. Na ɗauki hoton kowane bango da ma'auni a jikinsa, na kwafi takardun da muryar Gwaggo na aika wa ɗan'uwanmu a Bur Sudan da wani a Kano. Babur kuma zai kwana a rumfar maƙwabci.