Yadda Na'urorin Gida Suka Koyi Harshe Ɗaya

Waɗanda suka ga zamanin kaset a cikinmu za su tuna cewa in ana son jin waƙa a ɗaki na gaba, sai an ɗauki rakoda an kai ta can. Da kwamfuta ta shigo gidaje, hotuna da waƙoƙi da finafinai suka koma cikinta, amma talabijin ba ya jin yarenta, domin kowane kamfani da nasa tsarin.

A shekarar 1999 kamfanin Microsoft na Amurka ya fito da UPnP, tsarin da ke ba na'ura damar sanar da 'yan'uwanta cewa ga ta nan a cikin gida. A 2003 kamfanin Sony na Japan ya jagoranci wasu kamfanoni suka kafa ƙungiya, wadda a 2004 ta ɗauki sunan DLNA. Ita ce ta raba aiki: wata na'ura ta zama rumbun ajiya, wata ta nuna, wata kuma ta ba da umarni. Aka kuma amince kowace ta iya karanta hoton JPEG da fim na MPEG-2. An rushe ƙungiyar a 2017, lokacin da kallo kai tsaye daga intanet ya yawaita.

Mu marubuta muna da abin koyi a nan. Kamfanoni masu gasa da juna sai da suka yarda da ƙa'ida ɗaya kafin kayansu suka amfani mai saye. In kowa ya rubuta Hausa yadda ya ga dama, mai karatu ne zai sha wahala, ya ajiye littafin.