Gidan Fawa a Birnin Kano: Abin da Ɗa Ke Gada Wurin Uba



Idan ana zancen tarihin Kano, hankalinmu yakan tafi ga sarakuna da malamai da fatake. Ni kuwa yau gidan mahauci nake so mu leƙa, wato irin gidan nan da kaka ya yi fawa, uba ya yi, jika ma ga shi riƙe da wuƙa. Tambayata ɗaya ce: mene ne ainihin abin da ake gada a irin wannan gida?

Bari mu fara da shekarar 1824, lokacin da Baturen nan Clapperton ya sauka Kano. A bayaninsa na kasuwar birni, wato Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi mamakin wayon mahauta. Ya ce sukan tsaga nama don kitse ya bayyana, sukan hura masa iska ya kumbura, wani ma yakan manna gashin tunkiya a cinyar akuya don ya ruɗi baƙo. Har ila yau, da ya nemi a nuna masa dambe, mahauta ne suka fito. Ashe tun shekara 200 da suka wuce rundawa jama'a ce sananniya, mai wasanninta da makaɗan kalangunta, a ƙarƙashin Sarkin Fawa.

Yaron gidan fawa ba ya tuna ranar da ya fara sana'a. Yana tasowa za a ba shi wankin hanji da tumbi, daga nan tallan tsire, sannan fiɗar akuya, sai ya kai ƙarfi a bar shi ya taɓa sa. Amma fiɗa ƙaramin ilmi ce. Babban ilmin yana kara, inda ake cinikin shanu. Can uba zai tsaya da ɗansa, ya shafa ƙugun sa, ya taɓa gindin wutsiya, ya faɗi yawan naman da za a samu tun dabbar na tsaye. Wanda ya yi kuskure a nan, asararsa ta tabbata kafin a kai mayanka.

Ga kuma abin da na fi so ku riƙe. Galibin mahauta ba su da jarin sayen sa kuɗi hannu. Bashi ake ba su ta hannun dillali, su yanka, su sayar, su biya. Nama kuwa ba ya jira. A ƙasa mai zafi, abin da ya kwana ya zama hasara, sai fa in an yi balangu ko kilishi da shi. Saboda haka dillali ba ya duban aljihun saurayi, sunan gidansu yake dubawa. In ubansa da kakansa ba su taɓa cinye kuɗin Bafillatani ba, sai a miƙa masa igiya. Rumfa tana iya ƙonewa, wuƙa tana iya ɓata, amma muddin wannan yarda na nan, gobe gidan zai yi yanka.

Ku duba irin guguwar da ta bi ta kan waɗannan gidaje. Wajen 1890 zuwa 1891 ciwon bushiya ya share mafi yawan shanun ƙasar nan. Turawa suka ci Kano a 1903, wuri ya ba kuɗin ƙarfe hanya. A 1911 layin dogo ya iso, aka shiga lodin shanu da fatu zuwa Kudu, mahaucin birni ya sami abokan takara a kara waɗanda bai taɓa gani ba. Daga baya ga duba-gari da likitan dabbobi, ga dokar yanka a mayankar hukuma. Jikan wanda ya ga bushiyar farko shi ya sha farin 1972 zuwa 1974, ya kuma ga dawowar cutar a 1983. Ba a tabbatar da kawar da ita daga duniya ba sai 2011.

Duk da haka al'umma ba ta saka musu da girmamawa ba. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya nuna yadda Hausawa suke bambanta sana'ar gado, wato karda, da wadda mutum ya shiga da rana tsaka, wato shigege, ya kuma sami mahauta a sahun ƙasa wajen daraja, komai kuɗinsu. A ganina wannan raini, ko da yake zalunci ne, ya taimaka wajen ɗaure gidan: da yake ba kowa ke ba su aure ba, sai suka yi ta auren junansu, sana'a da sirrinta suka zauna wuri guda.

Yanzu wannan katanga ta fara zubewa. Ɗan mahauci ya zama lauya, ya zama likita, wataƙila ma yana zaune a wannan zaure. Wanda ya tsaya a gida yana awo da sikeli maimakon kasawa, yana fama da firji da ɗaukewar wuta, kilishin Agadasawa kuma ana naɗe shi a kai Legas da Abuja. Amma in kun je kara da sassafe, za ku ji tambayar farko da dillali ke yi wa sabuwar fuska ba ta sake ba: "Yaro, ɗan gidan wa ne kai?"