Gyaɗa da Hangen Nesan Fataken Kano

Sa'ad da jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Kano da Ikko a cikin shekarar 1912, ba gyaɗa Turawa suka sa wa rai ba. Burinsu auduga, domin masaƙun Ingila suna bukatarta ƙwarai. Amma manoman ƙasar Kano, irin na Ɗambatta da kewayenta, inda gona ke manne da gona, sun dubi abin da idon basira. Gyaɗa tana zama lafiya da gero da dawa a gona ɗaya, ba ta gajiyar da ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, in kuwa shekara ta ɓaci sai a ci ta. Auduga kuwa ba ta shiga tukunya.

Fataken goro, waɗanda suka saba da tafiyar Gwanja ta wata da watanni kafin su ga riba, su ne suka fara gane inda kasuwa ta dosa. Suka watsa yaransu cikin ƙauyuka da gishiri da tufafi, suka riƙa ba manoma kuɗi tun amfanin gona bai nuna ba. Wannan kuwa kasada ce babba, gama a 1913 ruwa ya ɗauke, aka yi yunwa mai tsanani, a 1914 kuma yaƙin duniya ya tashi, jiragen ruwa suka yi wuya. Mai neman ribar yau kaɗai ba ya jure irin wannan.

A cikin waɗanda suka jure babu kamar Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Da goro ya fara, yana kuwa cikin na farko da suka ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko. A 1918 ya shiga saya wa Kamfanin Neja gyaɗa. Ya yi suna wajen tsimi da sauƙin rayuwa. Abin da ya samu sai ya mai da shi jari, ya ƙara yara, ya ƙara wuraren awo. Ko da farashi ya faɗi warwas bayan 1929, bai saki sana'ar ba. Buhunansa aka riƙa tarawa a Kano har suka zama dala. Da ajali ya matso a 1955, sai ya tara 'ya'yansa ya hore su kada su wargaza kamfanin, su riƙe shi tare. Aliko Ɗangote, mai matatar man da aka buɗe a Ikko a 2023, jikan ɗansa Sanusi ne.

To, amma akwai ɗaya gefen labarin. Daga 1949 aka ɗora cinikin gyaɗa a hannun hukumar ciniki, ita ke yanke farashi. Shekara da shekaru tana biyan manomi ƙasa da abin da ake sayarwa a Turai, rarar kuwa ta tafi wasu ayyuka. Baitulmali ya cika, amma zuciyar manomi ta yi sanyi, har waɗansu suka riƙa tsallakar da gyaɗarsu ƙasar Nijar. Da farin 1973 ya zo, kuturun gyaɗa ya biyo baya a 1975, ga kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, sai dalar gyaɗa ta ɓace ƙurmus. Manomin Ɗambatta ya koma ga geronsa da wakensa.

Ashe gaskiyar masu iya magana ne da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ya ba manomi tun kafin kaka, gidansa ya tsaya har jikoki. Wanda ya tatse shi a kan sikeli, ya wayi gari babu abin aunawa.