Yadda ƙungiyoyin agaji ke auna tasirin aikinsu: misalin yaƙi da tamowa a Potiskum

Tantance tasirin aiki shi ne binciken da ƙungiya ke yi domin sanin ko abin da ta kashe wa kuɗi ya sauya rayuwar jama'a, sannan ta gyara tafiyarta bisa abin da ta gano. Ya bambanta da sa ido na yau da kullum, wanda ke ƙirga kayan da aka raba da mutanen da suka zo karɓa.

Yaƙi da tamowa a Jihar Yobe ya nuna wannan bambanci a fili. A shekarar 2009 Najeriya ta fara gwajin tsarin jinyar yara masu tamowa a gida, a jihohin Gombe da Kebbi, daga baya ya bazu zuwa sauran jihohin arewa. A Yobe, ƙungiyar Action Against Hunger na cikin masu tallafa wa cibiyoyin lafiya na gwamnati, har da na ƙaramar hukumar Potiskum. Ana auna damtsen yaro da zare mai launi. Idan kaurinsa bai kai santimita 11.5 ba, sai a riƙa ba uwar abincin gyaɗa na musamman, ta dawo da yaron a duba shi.

Ƙa'idojin Sphere, waɗanda masu aikin jinƙai ke bi a duniya, sun buƙaci fiye da kashi 75 cikin ɗari na yaran da aka sallama su kasance sun warke, masu rasuwa su gaza kashi 10, masu yanke zuwa kuma su gaza kashi 15. Cibiya na iya cika duk wannan, rajistarta ta yi kyau, alhali yawancin yaran da ke fama da cutar ba su taɓa taka ƙofarta ba. Shi ya sa ƙa'idojin suka ƙara wani ma'auni, wato yara nawa aikin ya riska cikin masu buƙata: sama da kashi 50 a karkara, sama da kashi 70 a birni.

Wannan ma'auni ba a samunsa a ofis. Sai masu bincike sun shiga unguwa, sun tambayi ungozoma da mai maganin gargajiya da mai unguwa, sun nemo yaron da ba a kai ba, sun ji dalili daga bakin uwarsa. Dalilan da aka saba ji sun haɗa da nisa, rashin sanin cewa ramar cuta ce mai magani, yankewar kayan abincin, da kuma mayar da uwa gida hannu rabbana a zuwanta na farko.

Potiskum na da nata ƙarin wahalar. Gari ne na kasuwa, mai ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu a Afirka ta Yamma, kuma jama'a na shigowa daga Nangere, Fika da Fune. Don haka cikar rajistar cibiya ba hujja ba ce cewa an riski yaran garin. Ga kuma batun harshe: Hausa ce ta haɗa kowa, amma tambayar da aka yi wa uwa da Ngizimanci, Karekare, Bolanci ko Fulatanci kan fi samun cikakkiyar amsa.

Matakin da aka fi sakaci da shi shi ne na ƙarshe, wato mayar da sakamakon ga ma'aikatan cibiya da hukumar lafiya matakin farko, domin a sauya ranar asibiti, ko a ƙara masu sa kai a unguwannin da aka rasa. Sau da yawa rahoton, wanda aka rubuta da Turanci, ya fi saurin isa teburin mai ba da tallafi.